Yadda Na Shuka Furen Safe Don In Zana Shi, Da Abin Da Ya Raba Shi Da Yaryaɗi

Furen safe ba fure ba ne da ake tsinkowa a kai ɗaki a zauna a zana shi a natse, domin tun da asuba yake buɗewa, kuma a ranar da ake zafi, kafin rana ta take ya riga ya yanƙwane ya naɗe bakinsa ciki, ba zai sake buɗewa ba. Wanda aka tsinka kuwa ko wannan ɗan lokacin ba ya kaiwa. Saboda haka, da na ƙudurta zana shi da fentin ruwa daga abin da idona ya gani, sai na ga babu wata hanya illa in shuka shi da kaina a inda zan iya ajiye kujera da allon zane a gindinsa. Aikin ya fara daga lambu tun kafin in ɗauki buroshi, kuma a cikin lambun ne na yi karo da yaryaɗi, ɗan uwansa wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne.

Dangantakar tasu gaskiya ce, domin masana tsirrai sun sanya su a gida ɗaya, wato Convolvulaceae. Furen safe yana cikin jinsin Ipomoea, mai nau'o'i fiye da 600, wanda dankalin Hausa ma a cikinsa yake. Na zaɓi nau'i biyu waɗanda asalinsu Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka. Na farko shi ne Ipomoea tricolor, mai faffaɗan fure shuɗi kamar sararin sama, wanda ake sayar da irinsa da sunan Heavenly Blue, na biyu kuma Ipomoea purpurea, wanda furensa ya fi ƙanƙanta, launinsa shunayya ne mai duhu, karansa da ganyensa kuma suna da gashi.

Irin baƙi ne mai kusurwa, ɓawonsa yana da tauri ƙwarai har ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, shi ya sa idan aka binne shi haka nan wani zai tsiro da wuri, wani kuma ya daɗe yana kwance a ƙasa. Na goga bayan kowace ƙwaya a jikin magagari har farin cikinta ya ɗan leƙo, ina kauce wa ɗan idon da ke gefe mai tsini, domin ta nan saiwa take fitowa. Daga nan na jiƙa su a ruwa mai ɗumi suka kwana. Waɗanda suka sha ruwa sun kumbura sosai kafin gari ya waye, waɗanda ba su kumbura ba kuwa na ƙara goga su na mayar cikin ruwan. Ya kamata duk mai wannan aiki ya san cewa irin furen safe yana da guba, don haka ba a barin kwanon jiƙon inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.

Na shuka su kai tsaye a inda za su zauna, zurfin kamar santimita 1, da tazarar kamar santimita 20 tsakanin rami da rami, saboda saiwarsu ba ta son dashe. Suna bukatar ƙasa mai ɗumi, wadda ta kai kimanin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, da wurin da rana ke bugawa aƙalla sa'o'i 6 a yini. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne hana hannuna zuba taki, domin duk mai son shukarsa yana jin kamar ya ƙara mata abinci. To amma takin da naitirojin ya yi yawa a cikinsa ganye kawai yake sa furen safe ya yi, ya rufe shinge da kore mai kyan gani, furen kuma ya ƙi zuwa. Ƙasa mai matsakaicin ƙarfi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta ta ishe shi.

Tun ranar da tsiron ya ɓullo na buɗe littafin zane na fara bin sa da fensir. Ganye biyun farko, waɗanda suke fitowa daga cikin ƙwayar, ba su yi kama da ganyen da zai biyo baya ba ko kaɗan, domin kowannensu yana da tsaga mai zurfi a tsakiya wadda ta raba shi gida biyu. Bayansu ne ganyen gaske yake zuwa, mai faɗi da siffar zuciya, sannan kan karan ya miƙe ya fara kewaya iska a hankali yana neman abin kamawa. Furen safe ba shi da 'yan hannuwan kamu irin na inabi, da karansa gaba ɗaya yake naɗe abin da ya samu, shi ya sa na ɗaura masa siraran igiyoyi daga ƙasa zuwa saman shinge, domin sanda mai kauri takan gagare shi. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya yi nazarin wannan kewayawa ta tsirrai masu hawa, ya kuma wallafa abin da ya gano a 1865. Idan aka dube shi daga sama, karan yana juyawa ne akasin yadda hannun agogo ke tafiya, kuma abin da wannan yake nufi ga mai zane shi ne cewa a gefen igiyar da ke fuskantarsa, karan yana tashi daga hagu ta ƙasa zuwa dama ta sama. Na sha ganin zane masu kyau da aka juya wannan naɗi, kuma da zarar mutum ya san gaskiyar abin, idonsa ba zai iya wuce kuskuren ba.

Ina cikin wannan bibiya ne na lura da wani yaɗo a gindin shingen wanda ban shuka ba, yana hawa igiyoyin da na ɗaura, yana kuma naɗe su ta gefen da furen safe yake naɗewa. Abin da ya fara jan hankalina shi ne cewa ya fito daga ƙasa da ƙarfinsa, ba tare da ganye biyun nan na farko ba, alhali tsiron irin wannan yaɗo idan daga iri ya fito sai ya fara da su. Wannan ya nuna mini cewa daga wata tsohuwar saiwa ya toho. Da na zana ganyensa a shafi ɗaya da na furen safe sai bambancin ya fito fili: ƙarami ne, tsawonsa bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba, siriri mai siffar kan kibiya, da kunnuwa biyu masu tsini a gindinsa suna nuni waje. Yaryaɗin gona ke nan, wanda masana ke kira Convolvulus arvensis, ɗan asalin Turai da Asiya.

Na bar reshe ɗaya ya yi fure don in gama kwatanta su. Furensa ƙarami ne, faɗinsa kamar santimita 2, fari ko ruwan hoda mai haske, kuma sau da yawa akwai ratsi mai ɗan duhu a bayansa, yayin da furen tricolor yakan kai santimita 8 ko fiye. Girma da launi kaɗai ba su isa hujja ba, domin akwai furen safe fari, akwai kuma wani yaryaɗin, na shinge, wato Calystegia sepium, wanda farin furensa yakan kai santimita 5 zuwa 7. Inda ake samun tabbaci shi ne gindin furen da kuma cikinsa. A yaryaɗin shinge, wasu faffaɗan ganye biyu sun rungume gindin furen har sun rufe ƙananan ganye biyar da ke tallafe da shi. A yaryaɗin gona waɗannan ganye biyu 'yan mitsi-mitsi ne, suna can ƙasa a jikin sandar furen, nesa da gindinsa. A nau'o'in furen safen da na shuka kuwa, ganye biyar ɗin suna nan a buɗe, babu abin da ya lulluɓe su. Sannan idan aka sa gilashin ƙara girma aka leƙa maƙogwaron furen, za a ga sandar tsakiya wadda ke karɓar garin fure: a furen safe kanta dunƙulalle ne, a yaryaɗin gona kuwa ya rabu zuwa siraran zare biyu. Waɗannan abubuwa ne da mai wucewa ba zai gani ba, amma wanda zai ɗora su a takarda dole ya ƙirga su, ya kuma san inda kowanne ya tsaya.

Babban bambancin duk da haka yana ƙarƙashin ƙasa. Nau'o'in furen safen da aka fi shukawa a lambu shekara ɗaya suke yi, su yi iri su mutu, kuma saiwarsu siririya ce da ake tuge ta da hannu ɗaya. Da na haƙa gindin yaryaɗin sai na tarar da fararen jijiyoyi masu kauri kamar igiya, wasu sun nutse ƙasa, wasu sun bazu gefe, suna karyewa da an ja su. Saiwar yaryaɗin gona tana iya nutsewa mita 6 ko fiye, a cikinta yake tara abincin da zai rayu da shi shekara da shekaru, kuma guntun da bai wuce santimita 5 ba yana iya zama sabuwar shuka. Irinsa ma yakan yi fiye da shekara 20 a ƙasa bai mutu ba. Wannan ne ya sa manoma suke ƙinsa ƙiyayya mai tsanani, kuma suna da hujja, domin yana shanye ruwan ƙasa, yana naɗe amfanin gona ya kwantar da shi. An rubuta ganinsa a Bajiniya ta Amurka tun 1739, yau kuma yana cikin ciyayin da suka fi addabar gonakin alkama a yammacin ƙasar.

Sanin halin saiwar shi ya tsara mini yadda zan yi da shi. Ban sassare wurin da fartanya ba, tunda kowane sara ƙara yawan guntayen yake yi. Na riƙa yanke kowane toho daidai fuskar ƙasa da zarar ya ɓullo, kamar kowane mako biyu, don kada ganyen ya samu rana ya mayar wa saiwar abin da ta kashe wajen fito da shi. Wanda ya riga ya naɗe furen safe ban fizge shi ba, saboda fizgar takan karya karan da ake son cetowa, sai dai in yanke shi a gindi in bar shi ya bushe a wurin, daga baya in warware shi. Jijiyoyin da na tono ban zuba su cikin juji ba, na shanya su a rana har suka bushe ƙayau. Inda babu shuka na rufe ƙasar da baƙar leda mai kauri don hana shi haske. Aiki ne na shekaru, kuma wanda ya ce ya gama da yaryaɗi a shekara ɗaya bai jira ya ga ta gaba ba.

Adalci ya sa in faɗi cewa furen safe ma ba a sake masa linzami. Purpurea yana zubar da iri da yawa, har ya zama ciyawa mai cutarwa a gonakin masara da auduga da waken suya a Amurka, kuma akwai Ipomoea indica, wanda ba ya mutuwa a shekara ɗaya, ya kuma zama annoba a Ostiraliya da New Zealand. Don haka nake tsinke yawancin kwanson irin tun yana ɗanye, in bar kaɗan kawai.

Furen ya ɗauki lokaci kafin ya zo, kuma dalilin yana da alaƙa da tsawon dare. Yawancin waɗannan nau'o'i suna fara huda ne idan dare ya yi tsawo kuma duhunsa bai katse ba, shi ya sa tun farko na nisanta su daga fitilar da ke kwana a kunne. A kan Ipomoea nil, nau'in da Japanawa suka fi shukawa, an gano cewa furen yana buɗewa kimanin sa'o'i 10 bayan duhu ya shiga, wato faɗuwar ranar jiya ce take ƙayyade lokacin buɗewar furen yau.

Da furen ya fara zuwa sai na raba aikin zanen gida biyu. Da yamma nakan duba hudar da za ta buɗe gobe, wadda ake gane ta da tsawonta da launin da ya fara bayyana a jikinta, a murɗe kamar lemar da aka naɗe. A lokacin nake zana kara da igiya da ganye, tunda su ba sa gudu, in bar gurbin furen fari. Da asuba kuma in zauna da furen shi kaɗai. Ina amfani da takardar auduga mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, wadda take shan ruwa ba ta kumbura ba, da buroshi mai laushi mai tsinin baki. Furen mazurari ne, ganyensa biyar sun haɗe sun zama ɗaya, kuma da wuya mutum ya gan shi a matsayin cikakken da'ira, sai dai a karkace, maƙogwaronsa ya gusa gefe ɗaya. Idan aka sa maƙogwaron a tsakiya sai zanen ya baje ya rasa zurfi. Daga maƙogwaron ratsi biyar suke fita zuwa baki kamar tauraro, su ne wuraren da suke waje lokacin da furen ke naɗe, kuma su ne ginshiƙin zanen, domin lanƙwasarsu ita ke nuna wa ido inda furen ya fuskanta. Nakan sa su da fensir mai haske kafin komai.

Sannan in jiƙa fili ɗaya tsakanin ratsi biyu da tsabtataccen ruwa, in sa launi a bakin furen in ja shi zuwa ciki, in ɗaga buroshin tun kafin ya kai maƙogwaro, don farin takardar ya tsaya a matsayin farin furen. Can ƙuryar ciki nake ɗiga rawaya kaɗan bayan wurin ya bushe. Ganyen furen siriri ne har haske yana ratsa shi, saboda haka shafi mai kauri yana kashe shi nan take, kuma shafi biyu ko uku marasa nauyi, kowanne ya bushe kafin na gaba, sun fi guda ɗaya mai duhu. Shuɗin kobalt shi ya fi kusa da launin tricolor a ganina, shuɗin altramarin kuwa yana karkata zuwa shunayya, yana kuma barin tsaki-tsaki a takarda, don haka na keɓe shi don inuwa da kuma furen purpurea, inda nake haɗa shi da ja mai ruwan hoda. Koren ganyen daga shuɗin furen nake haɗa shi da rawaya, don launukan zanen su zama 'yan gida ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a farkon aikin shi ne yadda launin yake sauyawa ina kallo. Hudar tricolor ja-ja ce mai shunayya, furen da ya buɗe shuɗi ne tsantsa, da ya fara yanƙwanewa kuma sai jan ya dawo, yana farawa daga ratsin nan biyar. Bayanin wannan yana cikin binciken da Kumi Yoshida da abokan aikinta na Japan suka wallafa a 1995, inda suka nuna cewa sinadarin launin bai canza ba, ruwan da ke cikin ƙwayoyin ganyen furen ne yake rage tsami yayin buɗewa, ma'aunin pH ɗinsa, wanda yake hawa idan tsami ya ragu, ya tashi daga kimanin 6.6 zuwa 7.7. Amfanin wannan gare ni shi ne na daina bin launin yana gudu. Da furen ya gama buɗewa nake haɗa launina in gwada shi a guntun takarda kusa da shi, in tsaya a kan wannan har in gama, ko da furen ya riga ya juya. A wani shafi dabam kuma na jera hudar, da buɗaɗɗen furen, da yanƙwananne, kowanne da launinsa. Ban dogara da hoton waya ba wajen launi, domin sau da yawa kyamara tana mayar da wannan shuɗi wani abu dabam.

Yaryaɗin ma na zana shi, kuma ba na jin kunyar cewa furensa yana da kyau. Na shingen musamman, wanda na samu a wata danga da aka yi watsi da ita, yana cikin fararen furannin da suka fi koya mini aiki, domin ba a shafa fari a fentin ruwa, sai dai a bar takarda, a fito da siffar furen da inuwa mai toka-toka wadda ake haɗawa daga shuɗi da ruwan hoda da ɗigon rawaya, a kuma duhunta ganyen da ke bayansa har bakin furen ya fito.

Cikin waɗanda suka zana furen safe, aikin da nake yawan komawa gare shi shi ne na Suzuki Kiitsu, mai zanen Japan da ya rayu daga 1796 zuwa 1858. Furen ya shiga Japan daga Sin fiye da shekara dubu da suka wuce a matsayin magani, kuma a farkon ƙarni na 19 mutanen Edo, wato Tokyo ta yau, suka duƙufa wajen fitar da nau'o'insa masu siffofi na ban mamaki. Kiitsu ya zana shi a kan allunan kariyar ɗaki masu ninkewa guda biyu, kowanne mai ɓangare shida, waɗanda suke gidan tarihi na Metropolitan a New York. Shuɗi da kore kawai ya ɗora a kan zinariya, bai zana ƙasa ba, bai zana abin da yaɗon ya hau ba, amma mai kallo yana jin nauyin rassan da inda suka nufa. Daga gare shi na koyi rage abin da nake cusawa a bayan furen.

A ƙarshen lokacin, kwanson irin da na bari ya bushe ya zama ruwan ƙasa, sandar na purpurea ta sunkuya ƙasa kamar yadda ta saba, na fasa su na adana ƙwayoyin a ambulan na takarda a wuri busasshe, kowane nau'i da sunansa. Sannan na tuge furen safe ɗaya da saiwarsa, na tono yaryaɗi ɗaya iya zurfin da na iya kaiwa, na wanke su na shimfiɗa a kan allo, na zana su a babbar takarda ɗaya tun daga fure har saiwa, da gindin kowane fure da sandar cikinsa a gefe an ƙara musu girma. Saiwar furen safen ta shiga takardar gaba ɗayanta. Ta yaryaɗin na zana ta har inda ta karye, na rubuta zurfin wurin a gefe da fensir, na kuma kafa ƴar sanda a bakin ramin don in san inda zan fara duba sabon toho idan ƙasa ta sake ɗumi.